Kibiyar Maharban Dauri

Uwargida, ko kin san garin Kazaure ma maharbi aka ce ya sare shi? Kunne ya girmi kaka. Wai wani maharbi Kutumbi ne ya tarar da fili tsakanin duwatsu, ya ce wurin nan kamar zaure. Wannan tun kafin Dantunku ya kafa masarautar a 1819.

A wancan zamani yaro ba ya tashi haka kawai ya tunkari ɓauna ko gwanki, sai ya iya zaɓen kibiya tukun. Kyauro ake nema busasshe, miƙaƙƙe, don karkatacce ba ya zuwa inda aka aike shi. Maƙeri ya ƙera ƙarfe mai kunne, wanda in ya shiga ba ya fita. A naɗe wuyan kyauron da jijiya kada ya tsage. To amma kyauro ba shi da nauyi, shi kaɗai ba ya kada babbar dabba. Dafin kwankwani ke aikin, ya bi jini ya tsayar da zuciya. Shi ya sa ake yanke naman wurin raunin a zubar kafin sauran ya shiga tukunya.

Yau daga Roni da Gwiwa har Babura noma ya cinye daji, ɓauna sai a gandun daji irin na Yankari. Ni dai shawarata, in akwai tsohon kwari rataye a ɗakin kaka, ki nisanta yara da shi, dafi yana daɗewa bai mutu ba. Sa'an nan ki zaunar da tsohon ya ba su labarinsa tun yana raye.