Karatu Daga Nesa a Faransa: Abin da Doka Ta Kare da Abin da Ta Bari

A arewacin birnin Paris akwai wani gari na ma'aikata mai suna La Courneuve, inda baƙi daga ƙasashen Afirka suka zauna da yawa tun cikin shekarun 1960. Mutumin da ya wuni yana aiki a irin wannan wuri, in har yana son ƙarin ilmi, to, sau da yawa sai dai ilmin ya iske shi a gida. Jami'ar Paris ta Takwas, wadda ta koma garin Saint-Denis da ke maƙwabtaka da La Courneuve a shekara ta 1980, tana da sashe na musamman domin masu karatu daga nesa. Amma kafin a kai ga haka, an sha tafiya mai tsawo.

Tun a 1891 wani injiniya, Léon Eyrolles, ya fara koyarwa ta hanyar wasiƙa a Paris. Gwamnati kuwa ba ta sa hannu sosai ba sai cikin Disamba 1939, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya tarwatsa makarantu, ta kafa hukumar aika darussa ta gidan waya. Hukumar ta sha canja suna, har a 1986 ta zama CNED, tana kuma da rassa a garuruwa kamar Lyon da Lille da Toulouse.

Sai dai kuma, inda duk ake cin kasuwa ba a rasa macuta. Makarantun kuɗi suka yawaita, wakilansu na bi gida gida suna sa mutane hannu a takardun da ba su fahimta ba. Wannan ne ya sa aka kafa dokar 12 ga Yuli, 1971. Dokar ta wajabta wa kowace makarantar kuɗi mai koyarwa daga nesa ta sanar da hukuma kafin ta buɗe, ta kuma amince a riƙa duba aikinta. Ta haramta bin gidaje don farautar ɗalibai. A yadda take a yau, ba a sa hannu a yarjejeniya sai bayan kwana 7 da karɓarta. Ba a karɓar fiye da kashi 30 cikin ɗari na kuɗin tun da farko. Ɗalibi kuma yana da ikon janyewa cikin wata 3 na farko, diyyar da zai biya ba za ta wuce kashi 30 cikin ɗari ba.

To, wannan duka tsaron aljihu ne. Darajar takardar shaida kuwa wata magana ce dabam. Tun daga dokar 18 ga Maris, 1880, gwamnati ce kaɗai ke da ikon ba da digiri na ƙasa a Faransa. Saboda haka makaranta tana iya cika dukan sharuɗɗan 1971, amma takardarta ta zama ta gidanta kurum.

Da zarar takarda ta ƙetare iyaka, sai wata sabuwar shari'a ta taso, domin dokar Faransa ba ta ɗaure kowace ƙasa ba. Ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniyar Lizbon a 1997 don amincewa da takardun juna. Jamhuriyar Nijar tana cikin majalisar CAMES, wadda aka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu, wadda ke auna takardun manyan makarantu. A Nijeriya kuwa Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ce ke tantance takardun waje. Hukumar UNESCO ta zartar da yarjejeniya ta duniya baki ɗaya a 2019, ta fara aiki a 2023, amma tana hawa kan ƙasashen da suka rattaba mata hannu ne kawai.

Don haka, ya kai mai karatu, ko kana La Courneuve ko Maraɗi ko Kano, kafin ka zuba guminka sai ka yi tambaya biyu: wace hukuma ce ta tsaya wa wannan takarda a ƙasar da ta fito, kuma wace ce za ta karɓe ta a ƙasar da kake nufin yin aiki? Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.