Wa ya tsara mana lokaci? Tarihin takardar da ke manne a ofishin firinsifal

Yau a kan jadawalin darussa za mu yi magana, wato taimtebul. Na san wani zai ce, shi ma taimtebul har tarihi gare shi? Ai kuwa yana da shi, kuma tarihin wanda ke da iko da lokacin yaro ne.

Tun kafin boko muna da namu tsarin. Makarantar allo tana karatu daga Asabar zuwa Laraba, a huta Alhamis da Juma'a. Babu ƙararrawa, salla ce agogo: a zauna bayan asuba, a dawo da yamma, da dare a kewaye wuta. Kowane yaro da inda allonsa ya tsaya, don haka malam ɗaya ya isa. Da damina kuwa gona ke yanke hukunci.

Bature ne ya zo da agogo. Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909. Kwalejin Katsina ta fara a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. A nan aka yanka yini gunduwa-gunduwa: Turanci, lissafi, tarihi, labarin ƙasa, da yamma a fita wasan fayib da kurket. Wannan tsarin ne ya horar da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita, wanda ya zama ministan ilimi na Jihar Arewa, kuma sunansa ne kwalejin ilimi ta Dutsin-Ma ke ɗauke da shi. Sai dai ku lura, ɗaliban kaɗan ne, kuma a makarantar suke kwana. Tsara lokacin wanda ke hannunka dare da rana ba wuya.

Wuyar ta zo ne da yawa. A 1976 aka ƙaddamar da UPE, yara suka cika firamare, bayan shekara shida suka doshi sakandare. A 1982 tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki, ya ƙaro darussan sana'a da fasaha. An shigo da injuna daga waje, da yawansu suka tsufa a cikin akwati saboda babu wuta, babu mai koyarwa. Darasin yana nan a taimtebul, amma a aji shiru.

To yaya ake haɗa shi? Duk wanda ya taɓa wannan aikin zai gaya maka ba da darasi ake farawa ba, da malamin da ya fi ƙaranci ake farawa. Mu ƙaddara makaranta a Kurfi mai aji shida a babbar sakandare, malamin Fizik ɗaya tal. Kowane aji firiyod huɗu a mako, ya zama 24 a kan mutum ɗaya, kuma ba zai tsaya a aji biyu lokaci guda ba. Shi za a fara zaunarwa. Sai ɗakin gwaje-gwaje, in akwai, mai buƙatar firiyod biyu a jere. Sai Lissafi da Turanci a kai su safe kafin a fita tara, tun rana ba ta buɗe ba. Juma'a gajera ce saboda masallaci. Ranar kasuwar Dutsin-Ma ma mai hankali ba ya ajiye darasi mai nauyi a ƙarshen yini, ya san benci zai ragu. Abin da ya saura, shi ake cusawa a firiyod na ƙarshe, lokacin da yunwa ta gama da kowa. Ku tuna wane darasi aka saba jefa muku a can. Hausa ce sau da yawa, kuma wallahi wannan yana ci mini rai.

Rashin tsaro ma ya sa hannu. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, an rufe makarantun kwana na wani lokaci. Yaron da ya koma jeka-ka-dawo ya rasa firef na yamma da na dare, awannin da babu wanda ya mayar masa.

Amma misalin da ya fi tsaya mini shi ne darasin Tarihi kansa. Daga zangon 2009/2010 aka cire shi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare. Ba a ƙona littafi ko ɗaya ba, gurbinsa kawai aka goge. Shi ya sa za ka sami ɗan Katsina da ya gama makaranta bai san Muhammadu Korau ko Ɗan Marina ba, hasumiyar Gobarau kuwa wurin ɗaukar hoto ce kawai a wajensa. A Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da darasin, ta ce za ta horar da malamai 3,700, ɗari daga kowace jiha da Abuja. Katsina tana da ƙananan hukumomi 34. Ku raba da kanku: kusan malami uku ke nan ga duk Dutsin-Ma, uku ga duk Kurfi.

Don haka in ƙaninka ko ƙanwarka ta dawo gida yau, karɓi littafin da ta kwafi taimtebul a bayansa. Nemo Tarihi, nemo Fizik, sannan ka tambaye ta sau nawa malami ya shigo a makon jiya.