Keris ɗin Yarima Diponegoro: Kusan Shekara 190 a Hannun Baƙi

Makalar wannan mako ta leƙa tsibirin Jaba na Indonesiya, inda ake gadon keris, wuƙar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe, tun kaka da kakanni.

A 1830 Turawan Holan suka kama Yarima Diponegoro bayan yaƙin shekara 5. Keris ɗinsa ta ƙare a Holan, sai a Maris 2020 aka mayar da ita gida.

Darajar keris tana cikin pamor, zanen da kan fito idan maƙeri ya yi ta ninka ƙarfe da nikel. Shi ya sa masu tara ta ba sa kai mata magagari. A watan Muharram sukan wanke tsatsar da ruwan lemun tsami, domin gyaran gaggawa ya fi tsatsa ɓarna.