Giyar Maris da ake sha a watan Oktoba

Ƴan uwa ɗalibai, kafin wani ya ga sunan rubutun nan ya ajiye takardar yana salati, bari in faɗi tun farko: ban sha ba, ba ni kuma kiran kowa ya sha. Kalma ce ta ja ni har na kai nan.

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na tarihin kalmomi ya ba mu aiki. Ya ce kowa ya nemo kalma guda wadda asalinta ke faɗin wani abu, masu amfani da ita kuwa suna nufin wani daban. Rabin aji sunka kawo Satumba da Oktoba, tun da a Latinanci septem bakwai ne, octo takwas, alhali yau su ne wata na 9 da na 10. Ni kuwa ina da wani tsohon ƙamus na Jamusanci da Faransanci da na saya wurin masu baza littattafai a ƙasa a Yamai. Cikinsa na yi karo da kalmar Märzen. Daga März take, wato watan Maris, kuma sunan wata giya ce da ake sha a bikin Oktoba na birnin Munik. Na ce to, tawa ta samu. Me ya kai Maris cikin Oktoba?

Da na bi sawunta, sai na tarar tana da uwa. Märzen ɗiya ce cikin dangin giyar da ake kira lager. A Jamusanci lagern shi ne ajiyewa, Lager kuma wurin ajiya, kamar mu ce rumbu ko sito. Ke nan sunan bai faɗi ɗanɗano ko launi ba, abin da ya faɗi shi ne an ajiye ta ta daɗe. Lokacin da ake shanta kuwa su suna ce mai Herbst, Faransawa su ce automne, mu mukan fassara da kaka. Fassarar ta yi daidai, don tushen kalmar Herbst girbi yake nufi.

Labarin ya faro ne a Bavariya, kudancin Jamus. A 1516 sarakunan ƙasar sunka kafa dokar da ta ce kada a sa komi cikin giya sai sha'ir da ruwa da hop, furen wata ciyawa mai yaɗo, mai ɗaci, da ke hana abin sha saurin lalacewa. Dokar ba ta ambaci yisti ba, wannan da masu burodi ke sa wa ƙullu ya tashi, don lokacin ba a san wata halitta ce mai rai ke yin aikin ba. Abin da anka sani kawai shi ne giyar da anka dafa cikin sanyi tana kyau, ta lokacin zafi kuwa tana tsami. Duk wanda ya tashi kusa da inda ake dafa burkutu ya san wannan: kwana biyu ko uku zafi ya gama da ita. Ga kuma gobara, tun da wuta ake hurawa ƙarƙashin manyan tukwane cikin garuruwan da katako ya yi yawa a gininsu.

Shi ya sa a 1553 sarki Albrecht na 5 ya yanke hukunci: ba a dafa giya sai daga 29 ga Satumba, ranar waliyyi Mika'ilu a kalandar coci, zuwa 23 ga Afrilu, ranar waliyyi Jorj. Wata biyar da ƴan kwanaki an kashe wuta, amma mashaya ba su tafi hutu ba. Dabarar masu sana'ar ita ce su yi babban dahuwa a watan Maris, su ƙara sha'ir da hop don ta yi ƙarfi ta jure, su ɗura a gangunan itace, su kai ɗakunan da sunka haƙa ƙarƙashin ƙasa. Da hunturu sukan sare ƙanƙara daga tafkuna su jibge a ɗakunan. Sama kuma sunka shuka itatuwa masu faɗin ganye da gajeriyar saiwa, inuwa ta rufe ƙasa, saiwa ba ta fasa rufin ba. Mutane sunka fara zama ƙarƙashin itatuwan suna sha. A 1812 sarki Maximilian na 1 ya yarda masu giya su sayar a nan, da sharaɗin ban da abinci in ba burodi ba, don kada su kashe kasuwar masu gidajen abinci. Har yau al'ada ce a irin waɗannan lambuna na Munik mutum ya zo da abincinsa daga gida.

Cikin wannan sanyi wani abu ya faru da ba wanda ya shirya shi. Yistin da ke son ɗumi ya kasa aiki, wanda ke jure sanyi ya samu fili. Wannan na biyun a hankali yake aiki, wajen digiri 10, kuma in ya gama sai ya kwanta ƙasan ganga, giya ta fito garau. A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken Carlsberg na Kopenhagen, ya ware shi shi kaɗai. Daga baya anka gano ruwa biyu ne: ɓangare guda yistin burodi da giya da anka saba da shi, ɗayan kuma wani na daji, wanda sai a 2011 masu bincike sunka ba da sanarwar samunsa a jikin itatuwa a Patagoniya, kudancin Ajantina.

To, in ƙarshen Satumba ya zo, za a sake hura wuta, ana bukatar ganguna. Abin da ya rage na dahuwar Maris dole a shanye shi. Ga amsar tambayata ta farko: Maris ranar haihuwa ce, kaka kuwa lokacin share rumbu.

Bikin kansa daga baya ya zo, kuma ba don giya anka fara shi ba. Ranar 12 ga Oktoba 1810 yarima Ludwig, wanda ya zama sarki Ludwig na 1, ya auri gimbiya Therese. Kwana biyar bayan haka anka yi sukuwar dawaki a wani fili bayan gari, anka gayyaci talakawa. Filin ya ci sunan amarya, Theresienwiese, makiyayar Therese, mutanen gari kuma sunka taƙaita shi zuwa Wiesn. A 1811 anka ƙara baje kolin amfanin gona da dabbobi. Rumfunan giya a hankali sunka shigo har sunka cinye bikin. Daga baya anka jawo farkonsa cikin Satumba don a mori sauran ɗumin rana, shi ya sa yau mafi yawan kwanakin Oktoberfest a Satumba suke. Suna na biyu ke nan da ya kauce wa ma'anarsa. Yaƙe-yaƙe sun hana yin bikin, haka kwalara a 1854 da 1873, da korona a 2020 da 2021.

Launin giyar ma ya sake. Ta dā baƙa-baƙa ce, don a kan wuta ake busar da tsiron sha'ir. A 1833 samari biyu ƴaƴan masu giya, Gabriel Sedlmayr na gidan Spaten a Munik da Anton Dreher na kusa da Viyana, sunka je Ingila da Sikotlan. Can sunka ga ana busar da tsiro da iska mai zafi, ba ya ƙonewa. Ana ba da labarin sun riƙa satar ɗanɗanon giya cikin sanda mai rami don su auna a masauki. A 1841 Dreher ya fito da giya mai launin jan ƙarfe. A 1872 Josef Sedlmayr, ɗan uwan Gabriel, ya kai irin wannan bikin Oktoba, ta karɓu, ta riƙe filin kusan shekara ɗari.

Cikin shekarun 1870 ɗin ne kuma injiniya Carl von Linde ya ƙera injin sanyaya, kakan firigon da ke gidajenmu, kuma gidan Spaten na cikin na farko da sunka kafa shi. Dokar hana dahuwar zafi ta riga ta faɗi a tsakiyar ƙarnin. Daga nan ba sauran dalilin jiran Maris, ba sauran sarar ƙanƙara a tafki. Dalili ya mutu, suna ya rayu.

A nan ne ƙananan gidajen giya na Amurka ke shigowa. Jamusawan da sunka yi ƙaura a ƙarni na 19 su sunka kai lager garuruwa irin su Milwoki da Sinsinati. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta giya baki ɗaya, ɗaruruwan gidaje sunka rufe har abada. Waɗanda sunka tsira sunka yi ta haɗiye juna, har wajen 1980 gidajen giyar ƙasar duka ba su kai 100 ba, kusan duk suna yin abu iri ɗaya, fari, marar nauyi. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa a gidansa. Daga cikin masu dahuwar gida ne wasu sunka buɗe ƙananan masana'antu, kamar Sierra Nevada a 1980 a jihar Kalifoniya. Sunka laƙaba wa kansu craft, wato sana'ar hannu, don su bambanta da manyan kamfanoni. Ƙungiyarsu, Brewers Association, ta gindaya sharaɗi: kada abin da gida ke yi ya wuce ganga miliyan 6 a shekara, kada kuma hannun jarin wani babban kamfanin barasa a ciki ya kai kashi 25 cikin ɗari. A farkon shekarun 2020 gidajen giyar Amurka sun haura 9,000.

Ƙaramin gida ba ya iya ja da babba a farashi, sai a sabon abu. Sai sunka kama kalanda: kowane lokaci na shekara da giyarsa. Ta kaka kuwa tana nan a shirye, da sunanta da tarihinta. Samuel Adams na Boston ya fara fitar da tasa Octoberfest a ƙarshen shekarun 1980, ɗaruruwa sunka bi. Tun 2015 Sierra Nevada ta shiga haɗa hannu da gidajen Jamus suna dafa ta kaka tare.

Abubuwa biyu sunka ba ni mamaki. Na farko, Munik kanta ta bar jar giyar. Tun shekarun 1970 gidan Paulaner ya fito da wata mai ruwan zinari, mai sauƙin sha, kuma daga 1990 irinta ce gidaje shidan garin ke zubawa a bikin, cikin kofin lita guda, ga baƙi wajen miliyan 6. Wanda ke neman jar Märzen irin ta 1872 a lokacin kaka zai fi saurin samunta a kantunan Amurka. Mu ɗaliban harshe mun san wannan hali: sau da yawa gefe ke riƙe tsohon abu bayan tsakiya ta sake, kamar yadda Faransancin Kebek ya adana kalmomin da Paris ta yar.

Na biyu shi ne lissafin kwanaki. Lager tana cin sati huɗu zuwa takwas cikin tanki, alhali giyar ɗumi sati biyu ko uku ta isa. Ga ƙaramin gida mai tankuna kaɗan wannan kasada ce, don tankin da ya toshe kuɗi ne kwance. Kuma kwalbar da anka rubuta wa Oktoba, in Nuwamba ya kama, ba mai waiwayarta. Don haka kowa na rige-rigen fitar da tasa tun Agusta. In ta fito a Agusta, an dafa ta ke nan a Yuni ko Yuli, tsakiyar watannin da Albrecht ya haramta dahuwa. Giyar Maris, dahuwar Yuni, fitowar Agusta, sunan Oktoba. Akwai ƴan gidajen da har yanzu ke dafawa a Maris su jira wata shida, amma ra'ayi ne, ba tilas ba. Dā yanayi ke ba da umarni mutum ya bi, yanzu mai talla ke ɗaukar sunan yanayin ya manna a kwalba.

Da na gabatar da wannan a aji, wata abokiyar karatunmu ta ce: to mu ina ruwanmu da giyar Jamusawa? Na ce ta duba aljihunta. Kuɗi jam'in wuri ne, ga shi ba wanda ya taɓa sayen ko goro da wuri cikinmu. Jikka jakar wuri ce, yau takarda ce guda ta sefa 1000. Dala da muke ƙirga sefa biyar da ita, daga taler ta fito, azurfar Mariya Tereza ta Ostiriya da fatake sunka shigo da ita, kuma taler kalmar Jamusanci ce. Muna faɗinsu kullum a kasuwa ba mu jin nauyin abin da ke ciki.

Su Jamusawa sun rubuta ranar dokarsu da sunan sarkin da ya yi ta, shi ya sa ni da ke zaune a Yamai na iya bin sawun Märzen har 1553. Namu kalmomin fa? Sunayen irin gero da dawa, sunayen iskoki, sunayen taurarin da manoma ke duba shuka da su, mafi yawansu a bakin tsofaffi suke. Hutun nan mai zuwa zan koma gida da littafi da biro, in zauna wurin kakata in tambaye ta sunan kowane kashi na rumbu da dalilinsa. Wanda ke da tsoho a gida, don Allah ya yi haka, mu haɗa abin da munka samu a fitowa ta gaba.