Abin da Lungunan Shanghai Suka Koya wa Fairbairn

A 1907 wani tsohon sojan ruwan Ingila, William Fairbairn, ya shiga aikin 'yan sandan Shanghai. Ana nan wata rana 'yan daba suka ritsa shi a lungu, suka yi masa dukan kawo wuƙa, sai a asibiti ya farfaɗo.

Da ya warke, ya je wajen wani malami ɗan Japan ya koyi jujutsu, ya ƙara da judo da damben Sinawa. Amma titi ya nuna masa abin da ɗakin horo ba ya koyarwa: babu alƙalin wasa, babu tabarmar faɗuwa, kuma wanda ka kayar yana da abokai, wataƙila da wuƙa a ƙugu. Sai ya watsar da duk dabarar da ke buƙatar natsuwa, ya riƙe 'yan kaɗan da mutum zai tuna ko jikinsa na ɓari: dukan haɓa da tafin hannu, gwiwa a mara, take ƙafar abokin gaba. Lallai ya yi hangen nesa, domin tsoro ne ke fara kwance wa gwani lissafi. Ya raɗa wa tsarin suna Defendu, littafinsa ya fito a 1926.

A 1940 ya koma gida, shi da wani mai suna Eric Sykes suka horar da kwamandojin Birtaniya a Sikotland.