Finafinan zane na Japan: waɗanda masoya suka fi so, da abin da ya sa suke son su

Da yawa daga cikin manyanmu, duk fim ɗin da aka yi da zane katun ne, katun kuwa abin rarrashin yara ne. Matasan da ke bibiyar finafinan zane na ƙasar Japan, waɗanda duniya ta sani da suna anime, sun san akwai gyara a wannan magana. Fitattun finafinan nan suna magana ne a kan yaƙi da yunwa, da ƙwace ƙasar noma, da kwaɗayin zinare, da gazawar shugabanni. Mai karatu daga Gidan Goga ko Maradun, ko Bakura da Talata Mafara, ba ya buƙatar a fassara masa ko ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi. Wannan maƙala ta tattaro asalin finafinan, da fitattu daga cikinsu, da dalilan da suka sa suka shiga ran masu kallo.

Asalin anime

Japanawa sun gutsuro kalmar anime ne daga kalmar Ingilishi mai nufin zane mai motsi. Ana jera zane-zane masu ɗan bambanci da juna, a haska su da sauri har ido ya ga kamar motsi suke yi. Galibin labaran sukan fara fitowa a littattafan zane da ake kira manga. Masana'antar ta kafu sosai a 1963, lokacin da Osamu Tezuka ya fara nuna Astro Boy a talabijin mako-mako. 'Yan Najeriya da suka taso a shekarun 1980 da 1990 sun ɗanɗani anime ba tare da sanin sunansa ba, domin Voltron da aka riƙa nunawa a talabijin a wancan zamani, daga zanen Japan Amurkawa suka harhaɗa shi.

Kamfanin da ya fi ɗaga darajar wannan sana'a shi ne Studio Ghibli, wanda Hayao Miyazaki da Isao Takahata da Toshio Suzuki suka kafa a 1985. Sunan ba baƙo ba ne a gare mu: ghibli suna ne na iska mai zafi da ke tasowa daga Sahara a Larabcin Libiya, kuma tushensa ɗaya da kalmar alƙibla.

Yaƙi a idon yara

Fim ɗin da masoya suka fi ambata idan ana zancen hawaye shi ne Grave of the Fireflies na Takahata, wanda ya fito a 1988. Labarin Seita ne, ɗan shekara 14, da ƙanwarsa Setsuko mai shekara 4, waɗanda suka rasa mahaifiyarsu lokacin da jiragen Amurka suka yi wa birnin Kobe ruwan wuta a 1945. Sun koma hannun wata 'yar'uwar mahaifinsu, abinci ya yi ƙaranci, gori ya yi yawa, sai suka bar gidan suka tare a wani ramin fakewa a bakin tafki. A nan yunwa ta cinye yarinyar. An ɗauko labarin daga rubutun Akiyuki Nosaka na 1967, wanda shi kansa ya rasa ƙanwarsa ta dalilin yunwa a ƙarshen yaƙin.

Ba a nuna fagen daga ko janar-janar a fim ɗin. Abin da aka nuna shi ne yadda tausayi ke ƙafewa a zukatan maƙwabta idan hatsi ya ƙare, da yadda girman kai na yaro ke kai shi ga halaka. Duk wanda ya ga iyalan da hare-haren 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu suna rakuɓe a makarantu da kangaye a garuruwan Zamfara zai gane Setsuko tun kafin a faɗi sunanta.

Ƙasa, daji da madatsar ruwa

Princess Mononoke na Miyazaki, wanda ya fito a 1997, rikici ne tsakanin wani gari na masu narka ƙarfe da halittun dajin da ake sarewa. Shugabar garin, Eboshi, ita ce mai ɓarnar daji, amma kuma ita ce ta fanshi mata daga gidajen karuwai ta ba su sana'a, ta kuma ɗauki kutare aiki a lokacin da kowa ke gudunsu. San, yarinyar da kyarketai suka rena, tana kare dajin da zafin ƙiyayya. Ashitaka, baƙon da ya shigo tsakani, yana neman hanyar da kowa zai rayu. Masoya suna yaba wa fim ɗin domin ya ƙi ba su mugu guda ɗaya da za su tsana su huta. Kowane ɓangare yana da hujja, kowane ɓangare kuma yana da jini a hannu.

Pom Poko na Takahata, na 1994, ya fi kusa da raha, amma cikinsa da ɗaci. Wasu dabbobin daji da Japanawa ke kira tanuki sun tashi kare tsaunukan Tama daga aikin gina sabon gari a gefen Tokyo. Sun yi taro, sun yi saɓani tsakanin masu son lalama da masu son fito-na-fito, sun gwada dabaru iri-iri, a ƙarshe katafila ta yi nasara.

Wannan labari yana da ɗan'uwa a tarihin yankinmu. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, da niyyar noman rani a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Dubban manoma sun rasa gonaki da gidaje, maganar diyya ta yi ta jan ƙafa, sai suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980, a zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Alƙaluman gwamnati sun tsaya a 'yan gomomi, manoma da masu bincike kuwa sun ce ɗaruruwa ne suka mutu. Tambayar da finafinan biyu ke yi ita ce wadda Bakolori ta bari: idan an ce ci gaba, wa ya ci riba, wa kuma ya biya kuɗin?

Zinare da guba

Spirited Away na Miyazaki, na 2001, yana cikin anime da suka fi samun lambobin yabo: ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 2002, da kyautar Oscar a 2003. Chihiro, 'yar shekara 10, ta faɗa duniyar iskoki bayan haɗama ta mayar da iyayenta aladu. Don ta cece su, ta kama aiki a gidan wanka na wata matsafiya mai suna Yubaba, wadda ke ƙwace sunan duk ma'aikacin da ta ɗauka. A gidan ne wata halitta marar fuska ta riƙa watsa zinare, ma'aikata suna rububi, ita kuwa tana haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Daga baya zinaren ya koma ƙasa. Chihiro kaɗai ta ƙi karɓa.

Kafin wannan, a 1984, Miyazaki ya yi Nausicaä of the Valley of the Wind, labarin duniyar da guba ta mamaye bayan yaƙi. Cikin abubuwan da suka zaburar da shi akwai masifar Minamata, inda wata masana'anta ta riƙa zuba sinadarin zaiba a teku har ya nakasa masunta da 'ya'yansu, cutar da aka tabbatar a 1956. Zaibar nan ita ce masu haƙar zinare ke amfani da ita wajen tace shi. A Zamfara kuwa gubar dalma ce ta yi ɓarna: a 2010 an gano cewa niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ya kashe yara aƙalla 400.

Matasa da masu mulki

Akira na Katsuhiro Otomo, na 1988, shi ne ya buɗe wa anime ƙofa a Turai da Amurka. Ya nuna birnin Tokyo na 2019 da aka sake ginawa bayan yaƙi, cike da zanga-zanga, da 'yan siyasa masu cin rashawa, da sojoji masu gwaji a kan yara, da gungun matasa masu yawo a babura. Tetsuo, wanda kowa ya raina, ya samu ƙarfin da ya fi hankalinsa, sai ya juya shi a kan birnin gaba ɗaya. Masoya suna ganin gargaɗi a cikinsa game da abin da matashin da aka yi watsi da shi zai iya zama ranar da makami ya shiga hannunsa.

Your Name na Makoto Shinkai, na 2016, labarin soyayya ne tsakanin Taki ɗan birni da Mitsuha 'yar ƙauye. Sai dai tsakiyar labarin ƙoƙarin matasa ne na kwashe mutanen garinsu kafin bala'i ya sauka, alhali magajin garin, wanda shi ne mahaifin Mitsuha, ya ƙi sauraro. An yi fim ɗin ne a inuwar girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris, 2011.

Na baya-bayan nan da ya ja ɗimbin matasa shi ne Demon Slayer, labarin Tanjiro, yaro mai sayar da gawayi da ya dawo gida ya tarar an hallaka danginsa, saura ƙanwarsa Nezuko. Fim ɗinsa na 2020, Mugen Train, ya tara fiye da yen biliyan 40 a Japan, ya ture Spirited Away daga matsayin da ya riƙe kusan shekara 20.

Abin da masoya ke gani

Dalili na farko shi ne girmama hankalin mai kallo. Ana mutuwa a waɗannan finafinai, ana yin kuskure, wani lokaci mai gaskiya ya sha kaye. Na biyu, jaruman galibi yara ne da matasa marasa gata, kuma da yawa mata ne masu aiki da yanke shawara da kansu. Na uku, kula da ƙananan abubuwa: tururin shinkafa, saukar ruwan sama, shirun da ke biyo bayan tashin hankali. Na huɗu, duniyar da mutane da iskoki da dabbobi masu magana ke cuɗanya ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taso da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo. Na biyar, masu yin su suna da matsaya. Miyazaki bai halarci bikin Oscar na 2003 ba, daga baya ya bayyana cewa bai so ya ziyarci ƙasar da ke jefa bama-bamai a Iraƙi ba.

Abin lura kafin kallo

Zane ba shi ne shaidar cewa fim na yara ne ba. Akira da Princess Mononoke da Demon Slayer suna da zubar da jini, wasu finafinan kuma suna da tsiraici. Da yawa sun ginu a kan addinin gargajiya na Shinto da na Buddha, don haka iyaye da yayye su fara dubawa kafin su miƙa wa ƙanana waya. My Neighbor Totoro na 1988 yana cikin waɗanda suka dace da kowa.

Akwai kuma shingen harshe da na hanya. Ana kallon yawancinsu da Japananci da rubutun Ingilishi a ƙasa, ko da muryoyin Ingilishi ko Larabci. A karkara, inda data ke da tsada, masu tura finafinai a memori ne ke zaɓa wa jama'a abin kallo, kuma an ga muhimmancinsu a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara. Kano ta riga ta nuna cewa fassara tana da kasuwa, domin kamfanoni irin su Algaita sun mayar da finafinan Indiya zuwa Hausa har sun zama abincin yau da kullum. Masu zane da marubuta na Arewa suna da darasi a nan: Japanawa sun ɗauki Kobe da Minamata da Tama sun mayar da su labaran da duniya ke kallo, alhali labarin Bakolori da na Bagega suna nan a bakin dattawan da suka gani da idonsu.