Shawarar da ke biyo bayan hatsari: yadda likitoci suka koyi ganin bututun madaciya

Mutum ya yi hatsari, sitiyari ko ƙahon babur ya daki cikinsa. Babu yanka, babu jini a waje. An duba shi, an sallame shi. Bayan wasu makonni sai ido ya koma rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ga ƙaiƙayi. 'Yan uwa su ce ai shawara ce. To, wani lokacin bugun nan ne bai gama ɓarnarsa ba.

Hanta tana samar da ruwan madaciya kimanin rabin lita ko fiye a kullum, yana gangarawa hanji ta wani bututu da kaurinsa bai wuce na fensir ba. Idan bugu ya matse shi a jikin ƙashin baya, ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi kan lalace. Wajen warkewa sai tabo ya fito, shi kuwa tabo tsukewa yake yi. A hankali hanya ta ƙuntata, ruwan ya taru, launinsa ya shiga jini. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, shi ya sa ake saurin mantawa da shi.

A da, likita ba ya ganin wannan bututu sai ya buɗe ciki. Ko hoton eksire da Röntgen ya gano a 1895 ba ya nuna shi. A 1931 Pablo Mirizzi na Ajantina ya zuba wani ruwa mai fitowa a hoto cikin bututun ana tsakiyar tiyata. A 1937, a birnin Hanoi, Huard da Do-Xuan-Hop suka shigar da irin ruwan da allura ta fata zuwa hanta. A 1968 William McCune a Amurka ya bi ta baki da bututu mai hange har ya kai inda hanyar madaciya ke buɗewa cikin hanji, dabarar da ake kira ERCP. Sai 1991 aka samu MRCP a Jamus, hoton maganaɗisu da ke nuna inda aka tsuke ba tare da an huda kowa ba.

Magani ma haka ya taho. Da farko tiyata ce kawai: a yanke bututun sama da tabon, a ɗinke shi da wani reshen hanji, bisa salon César Roux na Suwizalan. A 1956 Hepp da Couinaud a Faransa suka nuna yadda za a kai ga lafiyayyen sashe a gindin hanta. Wajen 1980 Nib Soehendra a Hambog ya fara saka ɗan bututun roba ta baki don ya riƙe hanyar a buɗe. Yau galibi da wannan ake farawa, ana sauya robar duk bayan 'yan watanni. In tabon ya ƙi, a koma tiyata.

Amma fa duk na'urorin nan ba su san an yi hatsari ba. A hoto, tsukewar tabo na iya kama da ta ciwon daji, kuma barinta kan jawo zazzaɓi mai haɗari da lalacewar hanta. Don haka idan ido ya yi rawaya bayan bugu a ciki, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A je asibiti, a faɗa wa likita labarin bugun, ko da ya yi watanni.